A Daina Fassara Hubris da Girman Kai

Akwai wata fassara da ta zama kamar gadon gida a duk inda ake koyar da Hausa tare da Ingilishi ko Faransanci. Da zarar kalmar Ingilishi hubris ta faɗo cikin nassi, sai ɗalibi ya rubuta girman kai, malami ya sa hannu, a wuce gaba. Wanda ya ɗan ji nauyin kalmar sai ya ƙara mata gishiri, ya ce matsanancin girman kai, ko girman kai mai halakarwa, yana ganin ya sauke nauyi. Nauyi kuwa yana nan a kansa, domin tun daga tushe aka kuskure, kuma ƙarin siffa ba ya gyara ginin da aka aza a kan harsashin wani gida. Ɓarnar wannan fassara iri biyu ce. Tana sa ɗalibi ya karanta tarihi da wasan kwaikwayo ya fito bai gane abin da ya kayar da mutanen da ya karanta ba. Tana kuma mayar da Hausa kamar matalauciyar da ba ta da sai zane ɗaya, da shi za ta je biki, da shi za ta je ta'aziyya, alhali adakarta cike take.

Hanya mafi sauƙi ta gwada fassarar ita ce a tambayi Bahaushe wa yake nufi idan ya ce mai girman kai. Karin maganarsa ya riga ya amsa: girman kai rawanin tsiya. Mai wannan rawani shi ne wanda ba ya gaida mutane, wanda zai ɓace a hanya bai yi tambaya ba, wanda zai kwana da yunwa don ya fi ƙarfin ɗaukar kaya a tasha, wanda aka ba shi shawara ya ga an raina shi. Ba ya bukatar sarauta ko dukiya ko runduna kafin ya naɗa rawaninsa, hasali ma ya fi yi wa marar komai kyau, shi ya sa aka jingina shi ga tsiya. Hali ne da ke zaune a zuciya, yana leƙowa ta fuska da tafiya da yadda ake amsa sallama. Mutum na iya rayuwa da shi shekara saba'in ya mutu a kan shimfiɗarsa, ba abin da ya faɗo masa, sai dai ƙarancin masu rakiyar gawa.

Turawan Ingila da Amurka ba sa kiran irin wannan mutum da hubris. Suna da kalmominsu na yau da kullum da suke jifansa da su. Wannan kalma suna ajiye ta ne ga wanda ya hau, ya ci nasara sau ɗaya, sau biyu, sau goma, har ya fara ganin cewa ƙa'idar da ke kan sauran mutane ba ta kansa, sannan ya ɗauki matakin da ya fi ƙarfinsa. Sai an tara abu uku take zama daidai a bakinsu: samu, da tsallake iyaka a aikace, da faɗuwar da ta riga ta zo ko ake hango ta tafe. Saboda haka kalma ce ta masu waiwaye. Marubucin tarihi ne ke faɗinta, da mai sharhin jarida, da mai nazarin adabi. Ba a cika jin ta a hirar bakin titi ba, kuma ba wanda ke siffanta kansa da ita yana tsakiyar abin, sai bayan ƙura ta lafa. A nahawun Ingilishi suna ce da ba a jam'inta, tana da siffa, hubristic, amma ba ta da aikatau. Ƙamusoshinsu suna kai farkon bayyanarta a rubuce zuwa 1884, wato baƙuwa ce ta jiya-jiya a harshen, masu karatun Girkanci ne suka shigo da ita. Idan suka ce ita ce ta kai Napoleon Rasha a 1812 da sojoji sama da 400,000, ya shiga Mosko a watan Satumba, ya komo da ɗan ragowa, ba maganar yadda yake amsa gaisuwa suke yi ba. Maganar shekarun nasara suke yi, waɗanda suka sa ya daina lissafi da nisa da sanyi da yunwar dawaki.

Akwai ma wuraren da ake amfani da kalmar babu wani mai ɗaga hanci a cikin labarin ko ɗaya. Jirgin ruwan Titanic ya nutse a daren 14 zuwa 15 ga Afrilu, 1912, a tafiyarsa ta farko, da mutane kimanin 2,200 a ciki. Kwale-kwalen ceto 20 ne a jikinsa, waɗanda ba za su ɗauki fiye da mutum 1,178 ba, kuma dokar lokacin ba ta nemi fiye da haka ba. An aiko masa da gargaɗin ƙanƙara, bai rage gudu yadda ya kamata ba. Mutane wajen 1,500 suka halaka. Har yau idan Bature ya tuna wannan dare, hubris yake cewa. To, wa ya yi girman kan? Maƙeran jirgin ba su ƙi gaida kowa ba. Abin da ya same su shi ne sakankancewa da iyawarsu, zamani guda ne ya ruɗu da ƙarfen da ya ƙera. Haka a fannin tattalin arziki: a 1986 Richard Roll ya buga wata maƙala da ta yi suna, inda ya yi amfani da kalmar wajen bayyana abin da ke sa shugabannin kamfanoni su sayi wani kamfani da tsadar da ta wuce kima, don sun yarda cewa ƙiyasinsu ya fi na kasuwa gaba ɗaya. Mai fassarar da ya rubuta girman kai a nan ya ɓatar da mai karatu, ya sa shi neman mugun hali a inda ake maganar mugun lissafi.

Idan aka koma gidan da kalmar ta fito, wato Girka ta dā, sai fassarar ta ƙara nisa da gaskiya. A birnin Atina, ƙarni huɗu zuwa biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, hubris laifi ne da ake kai ƙararsa gaban shari'a. Dokar ta hana a aikata shi a kan namiji ko mace ko yaro, ɗa ne ko bawa, kuma kowane ɗan gari yana da ikon shigar da ƙara ko da ba shi aka yi wa ba. Masu yanke hukunci su ne ke ƙayyade horo, yana iya kaiwa ga kisa. Ba a taɓa jin ƙasar da ta kafa kotu don hukunta abin da ke cikin zuciya ba, sai an aikata. Aristotal, a kashi na biyu na littafinsa kan balaga, ya bayyana ta a matsayin aikata ko faɗin abin da zai kunyata wani, ba don ramuwa ba, ba don wata riba ba, sai don daɗin da mai yin ke ji na ganin ya fi. Ya ƙara da cewa samari da masu dukiya su suka fi faɗawa cikinta.

Jawaban Demostenis, shahararren mai balagar Atina, sun adana misalai biyu. Na farko a kansa ya faru: a shekara ta 348 kafin miladiyya, yana riƙe da muƙamin mai ɗaukar nauyin ƴan amshi a bikin gari, wani attajiri mai suna Midiyas ya naushe shi a fuska a dandalin wasa, a gaban jama'a. Na biyu ya fi ban takaici. Wani saurayi, Ariston, yana yawon yamma a kasuwa, sai Konon da ɗansa da abokansu suka tare shi, suka tuɓe masa mayafi, suka kayar da shi cikin taɓo, suka tattaka shi. Da suka gama, sai Konon ya tsaya a kansa yana cara irin ta zakaran da ya ci faɗa, yana kaɗa gwiwoyin hannu kamar fukafukai. A wurin mai ƙara, wannan carar ita ce hujjar da ta ɗaga abin daga duka zuwa hubris. Duk Bahaushen da aka ba wannan labari ya san sunan abin ba tare da ya buɗe ƙamus ba: cin mutunci ne, wulaƙanci ne, cin zarafi ne da gangan. Ɗalibin da ya fassara wannan shari'a ya ce an kai Konon ƙara saboda girman kai, ya mayar da kotun Atina abin dariya.

Gaskiya ne cewa Girkawa ba su tsaya nan ba. Hirodotus ya kawo labarin Zaksis, sarkin Farisa, wanda a shekara ta 480 kafin miladiyya ya sa aka yi gada a kan mashigin ruwan da ya raba Asiya da Turai. Hadari ya taso ya wargaza gadar, sai sarki ya sa aka yi wa teku bulala 300, aka jefa mata mari, aka fille kawunan magina. A wannan shekarar aka farfasa jiragensa a Salamis. Shekara takwas bayan haka, a 472, Eskilus ya sa wasansa kan Farisawa a dandali, inda fatalwar Dariyus, mahaifin Zaksis, ta tashi ta ɗora masifar a kan hubris ɗin ɗanta. Daga irin wannan ne ma'anar Ingilishi ta tsiro. Masana ma sun yi ja-in-ja a kai: Nick Fisher, a littafinsa na 1992, ya tsaya kan cewa zuciyar kalmar ita ce tozarta wani da gangan, Douglas Cairns kuwa ya mayar masa a 1996 cewa ganin kai fiye da matsayi shi ma yana ciki. Ko wanne aka bi, ba a raba ta da ƙetare haddi. Abin sha'awa shi ne Girkawa suna faɗin ta har ga dabbar da ta ƙoshi ta fara tsalle-tsalle da harbi, da itacen da ya samu taki ya yi ta ganye da rassa ya ƙi ƴaƴa. Jaki ba ya girman kai, kurangar inabi ma haka, amma dukansu suna iya samun wuri. Manomin Hausa da ya ga mai shuka ya bi kunya har ya tsallaka gonar maƙwabci yana zuba iri, ya daɗe da sa wa abin suna, ya ce ya wuce gona da iri. Tsakanin wannan furuci da kalmar Girkawa akwai kusancin da girman kai bai taɓa samu ba.

Daga nan sai babban laifi, wanda na malamai ne, ba na ɗalibai ba. An daɗe ana karantar da cewa Aristotal ya ce kowane gwarzon wasan ban tausayi yana da wani aibi a halinsa da ke kayar da shi, kuma aibin shi ne hubris, wato girman kai. Ɗalibi ya haddace wannan, ya zuba shi a kan kowane littafi aka ba shi, ya ci jarrabawa. Amma a babi na 13 na littafinsa kan fasahar waƙa da wasa, inda ya yi maganar faɗuwar gwarzo, kalmar da Aristotal ya yi amfani da ita hamartia ce, daga aikatau mai ma'anar kuskuren bara, kamar maharbin da kibiyarsa ta kauce. Kuskure yake nufi, sau da yawa na rashin sani. Edifus, wanda shi ne misalin da ya fi so, ya gudu daga garin da ya tashi ne don kada ya kashe wanda yake zaton mahaifinsa ne, a hanya ya kashe mahaifin nasa na gaskiya bai san shi ba. Kalmar hubris ta fito a bakin ƴan amshin wasan Sofokilis, ba a musun wannan, kuma Edifus mai saurin fushi ne. Amma wanda ya taƙaita labarin da cewa girman kai ya kashe shi, ya cire abin da ke sa mai kallo tsoro, wato mutum ya yi iya ƙoƙarinsa na kauce wa abu, ƙoƙarin nan ya zama shi ne hanyar da ta kai shi gare shi. Haka ake yi wa Okonkwo na Chinua Achebe, a littafin da ya fito a 1958, alhali marubucin da kansa ya nuna cewa tsoro ne ke tuƙa mutumin, tsoron kada a ce ya yi kama da mahaifinsa. An samu mabuɗi ɗaya ana cusa shi a kowane kwaɗo, wanda ya ƙi buɗuwa a balle shi.

Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci, a Nijar ko Kamaru ko Cadi, yana da wani tarko na daban. Sau da yawa yakan bi ta Faransanci kafin ya iso Hausa: ya ɗauki kalmar Ingilishi ya mayar da ita orgueil, sannan ya mayar da wannan girman kai. Kaya sun ratsa kwastan biyu, a kowanne an sauke wani abu. Abin takaicin shi ne Faransawa da kansu, idan suna maganar wasannin Girka, démesure suka fi cewa, wato fita daga ma'auni, kuma da ya bi ta wannan ƙofa da ya faɗo daidai kan wuce iyaka.

Hausa kuwa ta rarrabe wannan fage filla-filla, rarrabewar da ta isa a yi alfahari da ita, kuma ga alfahari nan ma ɗaya ne daga ciki, wanda ba kullum yake zama aibi ba. Taƙama nuni ce, ta tafiya da ado da kirari, sarki na yin ta ranar hawa ba wanda ya zarge shi. Fankama cika baki ne a kan abin da babu. Jiji-da-kai yana tsakanin mutum da madubinsa. Izza ta gidan sarauta ce, ana jin haushinta ana kuma girmama ta. Gadara kuwa dole sai da abin da aka dogara gare shi, shi ya sa ake cewa yana gadara da kuɗinsa, ko da ubangidansa, ko da yawan dakarunsa, kuma a nan an fara kusantar hubris, don an shigo da samu cikin lissafi. Malaman addini sun ƙara wa wannan rarrabewa kaifi. Girman kai shi ne abin da suke fassara kibru da shi, wanda hadisin da Muslim ya ruwaito ya bayyana da ƙin gaskiya da raina mutane, kuma babban misalinsa Iblis ne da ya ƙi yin sujada. Amma idan mai tafsiri ya iso kan Fir'auna, ko Ƙaruna da ya jingina dukiyarsa ga iliminsa har ƙasa ta haɗiye shi, ko Abrahata da ya taso da giwa zai rushe Ka'aba, sai a ji harshensa ya ƙaru da wasu kalmomi: ya yi ɗagawa, ya ƙetare haddi, ya ruɗu. Tushen Larabcin da ake fassarawa da ƙetare haddi shi ne wanda Alƙur'ani ya yi amfani da shi ga ruwan ɗufana da ya tumbatsa, kuma daga gare shi Hausa ta aro ɗagutu. 

Har tazarar da ke tsakanin ɗagawa da faɗuwa Hausa ta sa mata suna, abin da Ingilishi bai yi da kalma ɗaya ba. Makiyayi yakan ɗaure dabba da doguwar igiya, ta yi ta kiwo tana zaton a sake take, sai ta kai ƙarshen igiya ta ji an fizge ta. Ɗaurin talala ke nan, kuma da shi malamai ke bayyana yadda ake saki wa azzalumi yana ta samun nasara har ranar kamu. Mai fassarar da yake da irin wannan a rumbunsa, ya koma yana maimaita girman kai a kowane shafi, ya yi wa harshensa rowa.

Akwai darasin nahawu a cikin wannan, wanda ɗalibin Hausa bai kamata ya bari ya wuce shi ba. Girman kai harɗaɗɗen suna ne, ana cewa yana da shi, ko mai shi ne, kamar yadda ake cewa yana da tsawo. Yanayi yake nunawa, ba ya motsi. Ingilishi ya tara ma'anar hubris cikin suna don ba shi da aikatau ɗinta, Hausa kuwa ƙarfinta a aikatau yake, kuma a nan ya kamata a nema. Wuce, zarce, ƙetare, tsallake: dukansu suna ƙarewa da wasalin e, suna cikin giredi na huɗu a tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, giredin da ke ɗauke da ma'anar kaiwa matuƙa ko rabuwa da wuri. Ba dole ne suna ya fassara suna ba. Jumlar Ingilishi da ta ce hubris ɗin shugaba ce ta jawo faɗuwar gwamnatinsa, Hausarta ita ce giyar mulki ta ɗebe shi, ya wuce gona da iri, har gwamnatinsa ta kife. A lura da ginin wannan jumla: giya ce mai aikatawa, mutumin karɓau ne, an ɗebe shi. Wannan shi ne ainihin abin da David Owen, likita kuma tsohon ministan harkokin wajen Birtaniya, ya yi ta ƙoƙarin tabbatarwa a littafinsa na 2007, da maƙalar da suka buga da Jonathan Davidson a mujallar Brain a 2009, inda suka jera alamomi 14 bayan nazarin shugabannin Amurka da firaministocin Birtaniya na shekara ɗari. Hujjarsu ita ce abin ba da shi ake haihuwar mutum ba, riƙe iko ne ke kawo shi, yana ƙaruwa da daɗewa a kai, kuma yakan lafa idan iko ya tafi. Abin da ya ci musu shafuka, mai shayi a bakin tasha yana faɗinsa da kalma biyu, kuma ya san giya takan sake mai ita idan gari ya waye.

Siyasar yankin nan ma ta haifi kalmarta daga cikin waɗannan aikatau. Tazarce jumla ce da ta daskare ta zama suna, daga ta zarce. Ta yi tashe a Najeriya a 1998, lokacin da jam'iyyu biyar na ƙasar suka tsayar da Janar Sani Abacha ɗan takararsu su duka, har aka sa wa wani ɗinkin kaftani sunan. Ta sake tashi a Nijar a 2009, da wa'adi na biyu na Shugaba Tandja Mamadou ya zo ƙarshe: aka rushe majalisar dokoki a watan Mayu, aka rushe kotun tsarin mulki a watan Yuni, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, sojoji suka kifar da gwamnati ranar 18 ga Fabrairu, 2010. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗannan shekaru, misalin yana da amfani ga mai nazarin harshe, domin talakawan karkara da yawa Baba Tandja suke kiransa, kuma ba da ɗaga hanci suka san shi ba. Mai sharhin Ingilishi zai iya kiran abin da ya faru hubris ba tare da ya saɓa wa ƙa'idar harshensa ba. Mai fassarar da ya juya masa ita zuwa girman kai zai sa mai sauraro a ƙauye ya ce ƙarya ake yi wa mutumin, kuma ta wannan fuska mai sauraron ne ke da gaskiya. Magoya baya ne suka ƙirƙiri tazarce da nufin a ci gaba, amma aikatau ɗin da ke cikinta bai yar da ɗaya ma'anar tasa ba, ta wuce inda ya kamata a tsaya.

Masu kare tsohuwar fassara suna da hujja biyu. Ta farko ita ce kanun labari da jerin kalmomin jarrabawa ba su da filin doguwar jumla. Wannan ba ta tsayawa, don giyar mulki kalma biyu ce kamar girman kai, ɗagawa ma ɗaya ce tak. Ta biyu ta fi nauyi: cewa tsakanin hubris da girman kai akwai dangantaka, kuma sau da yawa mai ɗayan yana da ɗayan. Haka ne. Fir'auna ya haɗa duka, Midiyas ma da alama ya haɗa. Inda nassi yake maganar shugaban da ya daina sauraron kowa don yana ganin kowa ƙasa da shi, girman kai na iya shiga cikin jumlar, a matsayin ɗaya daga cikin kayan haɗi. Amma kasancewar hayaƙi na tare da wuta bai sa a kira wuta hayaƙi ba. Akwai kuma ɓangare na uku, masu cewa tunda babu kalma ɗaya da ta dace a ko'ina, a ari ta Turawan kawai a huta, kamar yadda aka ari mota da rediyo da lakwal. Ana aron abin da babu a gida ne. A darasin wasannin Girka ko dokokin Atina, daidai ne a bar kalmar yadda take a yi mata bayani, don sunan wani abu ne na wani wuri da wani zamani. A labarai da sharhi da fassarar adabi kuwa, aro a nan guje wa aiki ne, kuma mai sauraro ne ke biyan kuɗinsa.

Tushen cutar shi ne jerin nan mai layi biyu, Ingilishi a hagu Hausa a dama, kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya, wanda ake ba ɗalibai su haddace, sannan a yi makin jarrabawa da shi. Ɗalibin da ya yi tunani ya rubuta cin mutunci a nassin Demostenis, ya rubuta ruɗuwa da iyawa a nassin Titanic, ya rubuta giyar nasara a nassin Napoleon, shi ne zai rasa maki, wanda ya haddace ya samu. Da haka ake yaye masu fassarar da ke tsoron harshensu. Kafin a taɓa wannan kalma, tambayoyin da ke gaban mai fassara a fili suke: wane ne ya yi, me ya samu kafin ya yi, wace iyaka ya tsallake, akwai wanda aka tozarta ko babu, kuma marubucin yana hango faɗuwa ko ya riga ya gan ta. Amsar waɗannan ce ke zaɓar Hausar, kuma ba za ta zama iri ɗaya a nassi biyu ba sai an yi dace.

Ian Kershaw ya raba tarihin rayuwar Hitler gida biyu. Juzu'in farko, na 1998, ya sa masa Hubris, na biyu, na 2000, ya sa masa Nemesis, sunan allahiyar sakayya ta Girkawa. Duk wanda aka ba aikin juya waɗannan sunaye zuwa Hausa, na biyun ba zai ba shi wahala ba, Sakayya ta wadatar. Na farkon ne wurin aiki, kuma abin da zai taimake shi shi ne ya duba inda marubucin ya yanke juzu'in. Bai yanke shi a ƙuruciyar mutumin a Biyana ba, lokacin da yake kwana a gidan marasa galihu yana sayar da ƴan zane-zane, yana ganin ya fi ƙarfin aikin albashi, inda Girman Kai zai dace da shi kamar an auna. Ya yanke shi a 1936, shekarar da Hitler ya tura soja yankin Rhineland a watan Maris, ya karya yarjejeniyar da ta hana hakan, Faransa da Ingila suka zuba ido ba su ɗaga yatsa ba, shi kuwa ya fito daga abin yana ganin ba ya kuskure. Juzu'in da ya ƙare a nan, Ɗagawa ne sunansa da Hausa, ko Giyar Nasara in ana son mai karatu ya ji ƙamshin abin da ke tafe a juzu'i na biyu.